Kifin da ke Kiran Sunan Yanka

A duk unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi babu wanda ya ba Munzali sunan Injiniya. Shi ya ba kansa, ya kuma sa tela ya ɗinka masa shi da jan zare a bakin aljihu don kada wani ya manta. Karatun kwamfutarsa kuwa a waya ya yi shi, yana kwance a barandar gwaggonsa yana kallon bidiyon masu koyarwa, kuma bai taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba. Da an kai rabi sai ya ce ya gane, sauran duk surutu ne.

Gwaggon nan, Hajiya Kulsumi, ƙanwar babansa ce, tana da injin casar shinkafa a Argungu. Ita ta ɗauko shi daga Augie don ya zo birni ya zama mutum. Abin da ya zama shi ne annobar kayan wuta. Ya gyara mata fanka, fanka ta koma tana hura rufin ɗaki. Ya gyara mata waya, waya ta koma yaren da ko a Makka Hajiya ba ta ji irinsa ba. Ranar da ya taɓa firij kuwa, kifin miyar sati guda ne ya tafi bola.

"Munzali, na gaji," in ji ta, tana toshe hanci da mayafi. "Tattara komatsanka. Yaya Abu na neman mai ban-ruwan albasa, kai ko ga ka nan da ƙarhi awa jaki."

Duk duniya babu abin da Munzali ke tsoro kamar fadamar babansa. Ya san ta sarai, da duƙon dashe har baya ya ƙage, da taɓo har gwiwa, ga kuma samarin Augie da ya yi wa sallama yana cewa sai dai su gan shi a talabijin. Nan take ya zube ƙasa.

"Gwaggo, ba ni dama guda. Injinki na Argungu za ni mai da shi na zamani. In ban yi ba, da ƙahwata za ni tahi Augie."

Hajiya ta dube shi, ta dubi firij. Mace ce mai tausayi, kuma tausayin nan ne ya sha ja mata asara. Ta ce ta ji, amma wannan ce ta ƙarshe.

Ga yadda aiki yake a injin. Mata masu turara shinkafa kan kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tun da safe daga Argungu da ƙauyukan gulbi, a shafa wa kowane buhu lamba da fenti, su koma inuwar darbejiya su zauna suna hira. Akawun wurin, Malam Aminullahi, dattijo mai tabarau, yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake shigar da lambobin. Idan an gama casar buhu sai ya tashi, ya sa takalmi, ya fita har gindin bishiya ya rusuna ya ce, "Innar su Kamilu, an gama," ko "Hajiya Babba, naki ya hito." Haka yake yini yana shiga yana fita.

Munzali ya tsaya yana kallonsa, hannu a aljihu, yana girgiza kai kamar likitan da aka kira a makare.

"Malam, wagga wahala ta ƙare. Kag ga lungun ga na ƙasa, kusa ga agogon kwamhuta? Nan za ni aje maka ɗan hoto. Kihi za ni sa, giwan ruwa, tunda Argungu muke. In ka danna mai da maus ta gehen dama, zaɓi shi hito. Ka zaɓi lambar buhu, lasihika ta kira mai kaya. Kai ko kana zaune."

"To ƙahwahuna hwa? Mi za su yi?"

"Su huta."

"Ba su kai ƙara ba," in ji Aminullahi.

Munzali ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna ya kwaso rubutun umarni daga bidiyo daban-daban, wannan rabi wancan rabi, ya haɗa su kamar mai facin buhu. Allah da ikonsa, kifi ya fito a lungun allo, ɗan mitsitsi, har da ido. Ihun da Munzali ya yi sai da masu inji suka kashe inji suka shigo a guje, suna zaton belt ne ya kama hannun wani.

Ya nuna wa Aminullahi zaɓin da ke fitowa. Akwai na kiran mai kaya, akwai na sake kira, sai na uku mai suna Tarihin Injiniya. Aminullahi ya gyara tabarau ya leƙa.

"Ina wurin kashe shi?"

"Kashe mi?"

"Kihin. In an tashi aiki."

"Malam, bidiyon ma ya soma wagga magana, nan nit tsai da shi. Wa za shi ga aiki irin wanga shi so kashe shi? Ko ka ruhe tagar aikin bisa allo, kihin na nan lungu yana jiranka. Nan gwanintar take."

Bai tsaya nan ba. Ya ce waya tsohon yayi ce, don haka lasifikar da ya sa Hajiya ta saya ba ta da waya, iska take bi. Ya sa aka kafa doguwar sandar ƙarfe a tsakar fili, aka ɗaura ta can ƙoli da ɗan batir da farantin sola nata na kanta. Jikin kwamfutar da batirinta kuwa ya sa maƙeri ya yi musu kejin ƙarfe ya garƙame da kwado, wai saboda ɓarayi da ƙurar ɓuntu. Sannan ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana karɓar katin zaɓensu, wai rajistar zamani ce. Ya shige ɗakin ajiya ya kulle ƙofa, ya naɗi sunan kowacce da muryarsa, yana kumbura wuya kamar mai karanta labarai. Ko Aminullahi bai bari ya ji ba, ya ce kada a ɓata mamakin.

Mamaki kam an sha shi.

Aka zaɓi ranar kasuwa don buɗewa, ranar da fili ke cika har bakin titi. Munzali ya taso daga Birnin Kebbi cikin sabuwar shadda da ya yi aro, ya kafa hula a goshi. Hajiya Kulsumi ta gayyato ƙawayenta masu injina, aka jera musu kujerun roba. Shi kuwa ya hau kan buhu ya yi jawabi. Ya ce daga yau Argungu ta shiga sahun manyan biranen duniya, kuma nan gaba kaɗan za a riƙa turo yara daga jami'a su zo su ga kifinsa. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita ko kifi za a raba.

Buhun farko da ya fito na wata dattijuwa ne da kowa ke kira Innar Gulbi. Ta haura tamanin, ita ta yi wa rabin matan da ke wurin wankan jego, kuma tun da mijinta ya rasu ba a sake jin wani mahaluki ya kama sunanta ba. A ƙasar nan ko uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, balle yaro ya buɗe baki ya kira sa'ar kakarsa gatsau. Munzali ya san haka, a cikinsa ya tashi. Amma shi a ganinsa kwamfuta ba ta da suruki.

Ya ɗaga hannu ya ba Aminullahi alama ta taga. Lasifika ta yi ɗan tari, sannan muryar Munzali ta tsaga fili har tsallaken titi.

"Ɗayyaba! Ɗayyaba! Zo ki ɗauki kayanki!"

Mata suka shiga waige-waige suna neman wata yarinya mai wannan suna. Babu wadda ta motsa. Shi kuwa gwanin ya tsara kifin ne ya yi ta maimaitawa har sai an gaya masa an ɗauki kaya, don haka muryar ta sake dawowa.

"Ɗayyaba! Zo ki ɗauki kayanki!"

A hankali Innar Gulbi ta cire goron da ke bakinta. Ta dafa kafaɗar jikarta ta miƙe.

"Wane ɗan marar kunya na aka ji haka? Ubanai yay yanka mani ragon suna?"

Jikar, matar aure mai goyo, ta zaro ido. "Inna, ashe sunanki ke nan?"

"Ruhe mani baki, ke ma!"

Wasu 'yan mata suka cusa mayafi a baki, kafaɗunsu na rawa. Munzali ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce wa ƙawayen Hajiya haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba, a can ko shugaban ƙasa da sunansa ake kiransa. Ɗaya daga cikinsu ta ce to Allah ya bar mu a baya.

Kafin a kai ga ba tsohuwa haƙuri, sai wata murya ta hau kan ta farko. Ita ma ta Munzali ce. Sai ta uku, sai ta huɗu, kowacce da inda ta kama. Wannan na cewa Ɗayya, waccan na cewa kayanki, wata kuma ta tsallaka ta kama Hauwa'u, uwar limamin unguwa. Ta bayanta ta ɗauko Ummu Hani, wadda surukanta uku ke zaune a gefenta, duk suka sunkuyar da kai kamar an kama su da sata.

Munzali ya diro daga kan buhu ya faɗa ofis.

"Malam, mi kat taɓa?"

"Ban taɓa komi ba," in ji Aminullahi, yana share tabarau da bakin riga. "Ni dai in na ruhe tagar allo sai ta ɓace. Sai in sake buɗe ta daga hotonta na gaban allo, yadda nis saba. Sai ta ɓace. Sai in buɗe."

"Sau nawa?"

"Wa ya ƙirga? Tun jiya nika yi. Kai kac ce kada a kashe."

Munzali ya fizge maus ɗin. A lungun agogo kifi uku ne a jere, kusa da su ga wata 'yar kibiya mai kallon sama. Ya danna ta. Wani ɗan akwati ya buɗe, cike maƙil da kifaye, sahu bisa sahu, duk ido ɗaya, duk suna kallonsa. Duk buɗewar da Aminullahi ya yi sabon kifi ta haifa, kuma kowanne da bakinsa. An gaya wa ɗaya cewa an ɗauki kaya, sauran ba su da labari.

Aminullahi ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ikon Allah. Ƙwai yay yi?"

"Matsa, Malam, yanzu za ni gama da su."

Ya shiga danna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Ya manta shi da hannunsa ya tsara cewa dannawar hagu tana nufin a sake kira. Duk kifin da ya taɓa sai ya ƙara ƙaimi. A waje sunaye suka yi ta zuba kamar ruwan sama, na tsofaffi da na matan malamai da na amaren bara, babu Hajiya, babu Inna, babu Malama. Mata kuwa, duk wadda ta ji nata sai ta tashi da gudu ta nufi ƙofar inji, ba don kayan ba, sai don a yi a daina shelarta. Aka cushe a ƙofa. Mai buhun da ba a ko zuba ba tana jan na wadda aka gama wa, wata na ihu wannan ɗaurin bakin nata ne, wani buhu ya yage, farar shinkafa ta malale ƙasa, kajin maƙwabta suka samu walima.

Hajiya Kulsumi ta shigo ofis mayafi a hannu.

"Kashe shi!"

"Gwaggo, ƙaramar matsala ta. Irin wagga ko manyan kamhunna..."

"Nic ce kashe shi!"

Aminullahi ya miƙa yatsa ya danna maɓallin da ke jikin allo. Allo ya yi baƙi, kowa ya ja numfashi, lasifika kuwa ta ci gaba da abinta, sai dai yanzu ba a ma ganin kifayen. Hajiya da kanta ta fizge filogi daga bango. Batirin da ke cikin keji ya karɓi aiki, ya ƙara da nasa kukan, ƙit, ƙit, ƙit.

"Buɗe kejin ga."

Munzali ya laluba aljihun dama. Ya laluba na hagu. Ya laluba na ƙirji. Shaddar aro ba ta san da zancen wani makulli ba.

"Yana cikin wancan wandon," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Wandon na ina?"

"Nasarawa. Bisa igiya."

Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai lasifika ta riga ta. Ashe lokacin gwaji, da ya rasa sunan da zai fara da shi, nata ya sa, kuma bai goge ba.

"Kulsumi! Kulsumi! Zo ki ɗauki kayanki!"

Ta taga ana hango ƙawayenta a kan kujerun roba. Ɗaya ta faɗo ƙasa don dariya, tana riƙe da ciki, sauran suna yi mata fifita suna share hawaye. Hajiya Kulsumi, wadda ko mijinta Hajiya yake ce mata, ta tsaya kamar an dasa ta. Aminullahi ya juya fuska bango yana salati, amma kunnuwansa rawa suke.

Munzali ya sake kunna allo cikin gaggawa, ya danna dama ko Allah zai sa wani zaɓi ya tsiro. Hannu ya zame ya faɗa kan na uku. Nan kifayen da ke da sauran numfashi suka bar kiran mutane suka koma wani karatu, da kiɗan taushi a ƙarƙashi.

"Wannan gagarumin aiki na Injiniya Munzali ne, ɗan Malam Abu mai albasa na Augie, wanda ya haɗa shi shi kaɗai, ba tare da taimakon kowa ba."

To, da ma matan suna ta tambayar juna muryar wane ne. Yanzu an ba su suna, da sunan uba, da gari, har da shaidar cewa ba shi da abokin laifi. Wata 'yar Augie ta ciro waya daga ƙugu nan take ta ce ai tana da lambar uwargidan Malam Abu.

"Lasihikar za ni cirewa!" in ji Munzali. Ya fita ta ƙofar baya, ya zagaya ta kan tulin ɓuntu, ya ruga tsakar fili. Mata suka gan shi. Wata ta wurgo takalmi, wata ta wurgo murfin kwano. Ya kama sandar ƙarfe ya haye da saurin da bai san yana da shi ba, shadda ta kama ƙusa ta tsage daga cinya har ƙasa, hula ta faɗo wata akuya ta tsaya tana shinshinarta.

Ya isa ƙoli. Sai ya tarar da aikin kansa. Shi ya tsaya a kan mai walda ya ce a liƙe akwatin batirin ta ko'ina, kada ɓarawo ya samu ko wurin sa farce. Ya ja, ya murɗa, ya doka da hannu. Lasifika na daidai kunnensa tana faɗa masa da muryarsa cewa shi kaɗai ya yi, ba tare da taimakon kowa ba.

Ya leƙa ƙasa. Fili ya cika, har masu babur sun tsaya, masu kifi daga kasuwa sun ajiye kwanduna, yara sun hau katanga. A gindin sandar kuwa mata ne zagaye, kowacce da sunan da aka tona mata. Karon farko a rayuwarsa, fadamar Augie ta zo masa a rai da daɗi. Ya tuna sanyin ruwan nan, da shirun nan, babu mai magana sai kwaɗi.

"Gwaggo!" ya ƙwala daga sama. "Na yarda! Augie za ni! Yau ɗin ga! A kawo mota gindin sandar ga in diro ciki!"

Hajiya Kulsumi ta buɗe jaka. Ta ciro waya ta kira yayanta, ta sa a bayyane, ta ɗaga sama yadda zai ji. Mutane suka yi shiru don su saurara, daidai lokacin da kifayen suka ɗan tsagaita suna haɗa numfashi.

"Yaya, ɗanka za ni maido maka."

"Na ji labari," in ji muryar Malam Abu, a natse. "An kira gidan ga har an gaji. Innar Gulbi ƙawar uwarmu ta, ni da hurhurata ban san sunanta ba sai yau."

"To ga shi nan tahe. Ka sa shi ban-ruwa."



"A'a, Kulsumi. Albasar ga ta soma kai, ba ta yi ma kowa laihi ba. Inji guda gare ni na ban-ruwa, kuma lahiya lau shike. Ke kid ɗauke shi, ki riƙa abinki. Ku gaida mutanen Argungu."

Waya ta mutu.

Abin ya soki Munzali fiye da takalmin da aka jefe shi da shi. Ya daɗe yana gudun fadamar nan, bai taɓa kawowa a ransa cewa fadamar ma za ta guje shi ba. Ya rungume sanda da hannu da ƙafa, idonsa ya ciko, tsagaggiyar shadda na kaɗawa a iska.

Hajiya ta mayar da waya jaka, ta ce wa Aminullahi ya hau babur ya nemo maƙeri ya fasa kejin nan, ita ta tafi ta kwanta, kanta ke sarawa. Wani dattijo cikin masu kifi ya ga abin ya isa haka, ya matso ya ce wa matan su yi haƙuri su watse, yaro ne, rana ta yi zafi, a bar shi ya sauko.

Innar Gulbi ta sa jikarta ta jawo tabarma daga inuwa ta shimfiɗa a gindin sanda. Ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta ajiye sandarta a kan cinya, ta ɓare sabon goro ta miƙa wa uwar liman rabi.

"Mu ba mu gaggawa, Malam," ta ce. "Shi sauko sannu, kada shi hwaɗi. Ai shi yak kira mu."